Shaidar Mai Sabon Kaya

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a ƙasar Hausa, wadda ake yi wa duk wanda ya sayi sabon abu, ko doki ne, ko keke, ko rediyo, ko kuwa kwamfuta a wannan zamani da muke ciki. Tambayar ita ce, "Yaya ka gan ta?" Amsar ma ba ta cika canzawa ba, domin abin da za a ji shi ne, "Kai, alhamdu lillahi, ba ta da wata matsala." Mai tambaya ya gyaɗa kai, mai amsa ya yi murmushi, a shiga wata hirar. To amma idan muka tsaya muka yi wa wannan 'yar gajeriyar amsa duban tsanaki za mu tarar cewa shaida ce aka bayar, kuma cikin masu sauraro akwai wanda zai je ya sayar da buhunan shinkafarsa ko ragon da uwarsa ta kiwata saboda ita. Abin da muke so mu tattauna da mai karatu shi ne: mutumin da ya yabi abin da ya saya, alhali ya ga aibinsa ya yi shiru, ko kuwa bai ma daɗe da shi har ya ga aibin ba, shin yana da alhaki a wuyansa? Ba shi ya sayar ba, bai ci la'ada ba, kuma sau da yawa ko ƙarya bai yi niyyar yi ba.

Mun zaɓi kwamfuta ne don yin wannan magana saboda a 'yan shekarun nan ta zama ɗaya daga cikin manyan sayayyar da saurayi kan yi a Talata Mafara da Bakura da Maradun, bayan babur da waya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, saboda haka yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan maɓalli ba yakan shiga ɗakin jarrabawa da tsoro biyu. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara da na kwalejin aikin gona ta Bakura suna bukatarta don rubuta kundin kammala karatu. Ga masu shagon buga takardu da cike fom, ga masu haɗa bidiyon biki da na wa'azi, ga masu zana fastar 'yan siyasa, ga kuma masu ɗakin wasan ƙwallo na allo inda yara ke biyan kuɗi su buga. A cikin waɗannan duka an sami wani rukuni na samari da abin ya shiga ransu, waɗanda ba sa gajiya da zancen wace ce ta fi gudu, wace ce ta fi riƙe caji, ram nawa ne a cikin wannan, wane irin rumbun ajiya ne a cikin waccan. Su ne ake nema idan za a yi sayayya, kuma majalisarsu ita ce kotun da ake yanke wa kowace na'ura hukunci.

Ya kamata mu san daga ina waɗannan na'urori suke zuwa kafin mu gane nauyin da ke kan maganar masu yabonsu. Sabuwa dal a kwali kaɗan ne ke iya saye, balle tun daga watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da ake samu a wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Mafi yawan abin da ke hannun mutanenmu tokumbo ne, wato kwamfutocin da ofisoshi da makarantun Turai da Amurka suka gama yayinsu. Sukan sauka a Legas, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su hauro Kano zuwa shagunan titin Beirut da makamantansu, daga nan Gusau ko Sakkwato, kafin su iso Mafara da ke kan hanya tsakanin biranen biyu. Kowane hannu suka bi sai an goge su, an ƙara musu riba, an kuma rage wani abu daga tarihinsu. A 2005 wata ƙungiya mai suna Basel Action Network ta binciki wannan ciniki a Legas, ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shigowa kowane wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ce har kashi 75 cikin ɗari na wasu kayan ba su da sauran amfani. Shekaru sun wuce, an kuma yi dokoki, amma asalin al'amarin yana nan: mai saye a Maradun bai san wa ya riƙe na'urar ba, bai san sau nawa ta faɗi ba, bai san ko batirin cikinta nata ne na asali ba.

Bari mu ba da misali guda na yadda suna ke ruɗin mai saye. Za a ce maka wannan "Core i7" ce, kai kuma ka ji ana cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, sai ka ɗauka ka yi tsuntuwa. Abin da ba a gaya maka ba shi ne kamfanin Intel yana fitar da waɗannan ƙwaƙwalen na'ura ne zubi-zubi, kuma lambar da ke biye da sunan ita ce ke nuna zubin. Wadda aka yi a 2012 zubi na uku ce, kuma ƙaramar i3 ta 'yan shekarun nan tana iya barin ta a baya. Bugu da ƙari, a ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga manhajar Windows 10, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalen Intel da suka girmi zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. Ke nan ofisoshin can suna da sabon dalilin zubar da tsofaffin na'urorinsu, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san inda da yawansu za su dosa.

Idan mutum ya shiga kara ranar Talata zai sayi rago, ba ya tafiya da jahilci. Zai buɗe baki ya dubi haƙora, ya shafa gadon baya, ya ɗaga ya ji nauyi, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Wannan ilmi ne da aka gada kaka da kakanni, kuma ya bazu cikin jama'a har ya zamana mai sayarwa ba ya iya yin nisa da ƙarya. Kwamfuta kuwa cinikin biri a sama ce ga mafi yawanmu. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa duk kasuwar da mai sayarwa ya san kaya amma mai saye bai sani ba, to mugun kaya yakan kori nagari, domin mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin nagari a kan abin da ba shi da tabbas ba, mai nagarin kuma ba zai sayar a kuɗin mugu ba. Wannan tunani na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Maganin irin wannan kasuwa shi ne labari na gaskiya daga wanda ya riga ya saya. A can suna da takardar garanti da mujallu masu gwada kaya da kotunan da ke bin haƙƙin mai saye. Mu a nan garantinmu sau da yawa mako ɗaya ne na fatar baki, kuma mai shagon yana Kano ko Sakkwato, a kan hanyar da halin tsaro ya sa ba kowa ke son bin ta sau biyu saboda caja ko fanka ba. Abin da ya rage mana kawai shi ne bakin wanda ya riga mu saye.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar mai sayarwa ya sha ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya gano tsohon aibi bayan ciniki yana da zaɓin mayarwa. Sun kuma hana abin da ake kira najashi, wato mutum ya tsaya yana ƙara wa kaya kuɗi ba don yana son saye ba sai don ya ruɗi wani ya saya da tsada. Duk wannan a fili yake. To amma mutuminmu na majalisa ba mai sayarwa ba ne, ba kuma ɗan koren mai shago ba ne. Shi ma saye ya yi, watakila ma shi aka fara cuta. In an ce masa ya yi algus zai yi mamaki, ya ce me na sayar? A nan ne tambayar take da wuya, kuma a nan ne muke ganin mutane da yawa suna wanke kansu da ruwan da bai kai ya yi wanka ba.

Da farko dai mu yi masa adalci, domin galibi ba maƙaryaci ba ne. A 1956 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Jack Brehm ya yi wani gwaji a Jami'ar Minnesota. Ya jera wa wasu ɗalibai mata kayan amfanin gida, irin su na'urar gasa burodi da ta dafa gahawa, ya ce kowacce ta faɗi yadda kowane ɗaya ya burge ta. Sannan ya ba kowacce zaɓi tsakanin abu biyu ta ɗauki ɗaya kyauta, ya sake cewa su auna kayan. Sai ga shi abin da mace ta zaɓa ya ƙara daraja a idonta, wanda ta bari kuma ya ragu, alhali ba abin da ya canza a jikin kayan. Malaminsa Leon Festinger ya yi bayanin wannan a littafin da ya fitar a 1957: zuciya ba ta son zama da tunani biyu masu karo da juna, wato "ni mai wayo ne" da "na yi zaɓen tumun dare", don haka sai ta gyara ɗaya ya dace da ɗayan. In haka ta faru ga wadda aka ba kyauta, ina ga wanda ya tara kuɗin shekara guda? Hausawa sun riga su Brehm gane wannan da suka ce amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake yi. Saboda haka mai sabuwar kwamfuta kafin ya ruɗi kowa ya riga ya lallashi kansa.

Sai dai tsarkin niyya ba ya mayar da jahilci ilmi. Mutumin da ya yi kwana uku da na'ura abin da ya sani shi ne tana kunnuwa da sauri, allonta yana da haske, jikinta ba ƙwarzane. Bai san abin da za ta yi ba idan hunturu ya shigo, ƙurar da ke tasowa ta toshe mata fanka da ƙofofin shan iska har ta riƙa ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta. Bai san yadda batirinta zai kasance ba bayan ya sha zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, domin zafi shi ne babban abokin gabar irin wannan batir. Bai san ko cajarta za ta jure wutar janareta mai hawa da sauka ba, bai kuma san ko akwai mai kayan gyaranta a kusa ba. A ƙasarmu ba a sanin halin kwamfuta sai ta ga hunturu ta ga bazara, kamar yadda ba a sanin rufin ɗaki sai damina ta sauka. Idan mai kwana uku ya ce "ta burge ni", ya faɗi gaskiya, domin labarin zuciyarsa ya bayar. Idan ya ce "ba ta da matsala, je ka sayi irinta", ya ba da shaida a kan abin da bai halarta ba, kuma ko a gaban alƙali ba a karɓar irin wannan komai kyawun halin mai ita.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce, ai wannan "alhamdu lillahi" godiya ce, kuma tarbiyyarmu ba ta yarda mutum ya riƙa kushe abin da Allah ya hore masa ba. Wanda aka tambaya lafiya yakan ce lafiya lau ko da zazzaɓi na cin sa, ba wanda ya taɓa kiran sa maƙaryaci. Ban da godiya ma akwai kunya da rufin asiri. A ɗauka malamin firamare ne a Bakura ya ci bashin adashi ya sayi kwamfuta, matarsa ta so a sayi keken ɗinki, mahaifinsa ya ce a sayi taki. In ya fito ya ce batirin ba ya kai rabin awa, ba na'urar kaɗai ya kushe ba, ya ba duk wanda ya hana shi gaskiya ke nan. Ba ƙaramin abu muke nema daga gare shi ba, kuma wanda bai taɓa shiga irin wannan hali ba kada ya yi saurin yanke masa hukunci. Akwai kuma tsoron giba, domin faɗin aibin kaya yakan kai ga ambaton wanda ya sayar, wanda watakila ɗan unguwa ne ko abokin karatu.

Mu a ganinmu warwarar wannan ƙulli tana ga sanin wa ke tambaya da abin da ya sa yake yi. "Yaya ka gan ta?" iri biyu ce ko da yake lafazin ɗaya ne. Akwai ta gaisuwa, wadda maƙwabci ke yi don taya murna, ba shi da niyyar saye, ba ya kuma son jin dogon bayani. Amsarta godiya ce, kuma wanda ya tsaya lissafa masa aibobi ya nuna rashin sanin ya kamata. Akwai kuma ta shawara, wadda mai yin ta kuɗinsa na cikin aljihu, gobe zai hau mota. Kowa ya san bambancin biyun a fuskar mai tambaya, ba a bukatar malami ya fassara. Da zarar tambaya ta zama ta shawara to amsa ta zama amana, kuma malamai irin su Imamu Nawawi sun lissafa nasiha ga mai neman shawara cikin wuraren da faɗin aibi ba ya zama giba. Kunyar da ke hana mutum faɗin gaskiya a nan kansa take karewa, kuma ɗan'uwansa ne zai biya kuɗin wannan kariya ba tare da an tambaye shi ko ya yarda ba. In ba ya son tonon asirinsa a tsakiyar majalisa, ai yana iya jan mai tambayar gefe bayan an tashi.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa cancantar su gane wannan magana, domin a ƙasarsu aka yi ɗaya daga cikin manyan sayayyar na'ura da Arewa ta taɓa gani, kuma shaidar ranar farko aka bi. Muna nufin madatsar ruwa ta Bakolori da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, da aikin noman rani da aka shimfiɗa a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. An tsara shayar da hekta 23,000, daga ciki 15,000 da injinan feshi masu watsa ruwa kamar ruwan sama, sauran 8,000 kuma da magudanai inda ruwa ke gangarowa da kansa. Injinan feshin su ne abin kallo, su ake nuna wa baƙi, su ake yabo. Amma suna bukatar famfuna da wuta da kayan gyara daga ƙetare, kuma zuwa 2003 sun daina aiki, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, a ɓangaren magudanan da ba su burge kowa ba. Waɗanda suka zauna da aikin dare da rana, wato manoman da aka tasa daga gidajensu, da waɗanda aka hana shuka ana baje gonakinsu, da na fadamun ƙasa da ambaliyar shekara-shekara ta daina isa gare su, sun yi ta faɗin abin da suka gani. Maimakon a saurare su, a ƙarshen watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka kashe mutanen da wasu ƙididdiga suka kai sama da 380. Ba muna haɗa jinin bayin Allah da cinikin kwamfuta ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da muke nunawa shi ne an fifita maganar wanda ya ga na'ura ranar buɗe ta a kan maganar wanda ya kwana da ita, kuma wannan ɗabi'a ba gwamnati kaɗai ke da ita ba.

Darasin injinan feshi ya shafi kwamfuta ta wata fuskar kuma, wato na'ura ba ta rayuwa ita kaɗai. Tana rataye da wuta da layin sadarwa da mai gyara da hanyar da kayan gyara za su biyo. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mai kwamfuta mafi tsada a Mafara da mai mafi araha sun zama ɗaya wajen aika saƙo ko cike fom. Saboda haka shaidar da ba ta ambaci waɗannan abubuwa ba ragaggiya ce ko da kowace kalma a cikinta gaskiya ce. Wanda ya ce maka kwamfutar tebur ta fi ta tafi-da-gidanka ƙarfi a kuɗi ɗaya bai yi ƙarya ba, amma in bai ƙara da cewa shi yana da sola da inbata a shagonsa ba, kai kuma ba ka da su, to ya bar ka da akwatin da zai riƙa kallon ka kana kallon sa.

Kada mai karatu ya ɗauka muna sukar samarin nan masu son na'ura ne. Ko kusa. Su ne ke cire tsohon faifan ajiya mai juyawa su sa na SSD, tsohuwar kwamfutar da aka fid da rai da ita ta farfaɗo kamar an yi mata wankan jego. Su ne ke ƙara ram, su buɗe ciki su busa ƙura, su haɗa matattu biyu su tayar da rayayya ɗaya. Jikokin maƙera ne a sana'a ko da ba su gaji maƙera ba. Sai dai ƙauna tana da nata makantar. Mai son gudu yakan auna kowa da bukatar kansa, sai malamin da ba abin da zai yi illa buga jarrabawa da lissafin maki ya zo neman shawara, a tura shi ga na'urar masu wasa da haɗa bidiyo, mai cin wuta, mai nauyi, mai tsada. Wannan ya ƙara muni tun daga ƙarshen 2025, da farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda kamfanoni ukun da suka mamaye yin sa, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga biyan bukatar manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Kowane ƙarin da aka ce wa talaka "gara ka sa" yanzu kuɗin abincin wata ne.

Mu marubuta ma abin ya shafe mu kai tsaye. Waɗanda suka ga zamanin tafireta sun tuna yadda ake bin shafi da biro ana yi wa k da d da b ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, da irin farin cikin da aka yi a shekarun 1990 lokacin da Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan kwamfuta masu ƙugiya da aka sani da Rabi'at da Abdalla. Abin da marubuci ke bukata daga na'ura bai taka kara ya karya ba: maɓallan da ba sa maƙalewa, allon da ba ya gajiyar da ido, batirin da zai kai shi ƙarshen babi bayan an ɗauke wuta, da hanyar ajiye kwafi a wani wuri don kada littafin shekara biyu ya tafi tare da faifai. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake taƙama da shi a majalisa, shi ya sa ba a cika ambatonsu ba.

Wa ya kamata a tambaya ke nan? Wasu za su ce mai gyara, domin shi ke ganin na'urori ranar da asirinsu ya tonu, ya san wace iri ce maƙogwaron cajinta ke saurin lalacewa, wace ce marfinta ke karyewa a gaɓa. Gaskiya ne shaidarsa ta fi ta mai ɗoki nauyi, amma shi ma marasa lafiya kaɗai ake kai masa, kuma irin da ta fi yawa a gari ita za ta fi yawa a teburinsa ko da ta fi sauran ƙarko. Akwai kuma mai kushe duk abin da bai iya saye ba, wanda shi ma zuciyarsa yake lallashi ta ɗaya gefen. Shaidar da muka fi natsuwa da ita ita ce mai faɗin iyakarta: na saye ta wata kaza da suka wuce, aiki kaza nake yi da ita, da wuta iri kaza, ga abin da ya lalace, ga abin da na kashe, ga abin da ban gwada ba. Irin wannan magana ba ta da armashi, ba ta sa a yi wa mutum kallon gwani, kuma mai yin ta yakan zama kamar yana rage wa kayansa daraja da bakinsa.

Wannan kalma ta daraja ita ta kawo mu ga wurin da hujjar "ai ba ni na sayar ba" take rushewa. A garuruwa irin namu kwamfuta ba ta mutuwa a hannu ɗaya. Ɗalibi ya gama kundinsa ya sayar wa mai shago, mai shago ya ga wadda ta fi ta ya sayar wa malami, malami ya matsu da kuɗin asibiti ya sayar wa wani ɗalibin. Kusan duk mai saye na yau mai sayarwa ne na gobe, kuma kasuwarsa ba ta wuce mutanen da suke zama tare a kan benci ɗaya ba. Yabon da ya yi ta yi da kaka, lokacin da ba wanda zai zarge shi da neman riba, shi ne zai tsaya masa a matsayin dillali idan bazara ta yi ya ce zai sayar. A ranar ba ya bukatar ya ce komai. Zai ajiye ta a kan tabarma da cajarta a jone, wanda zai saya kuma ba zai ce a zare a gani ba, domin da kunnensa ya ji ana cewa tana kwana da caji.